Mota Ta Yi Nauyi da Sanyin Hunturu? Ga Yadda Za Ka Bi Ta Daki-daki

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ƙorafi ɗaya ne ke yawo a garejin kanikawa tun daga Kano har Damagaram: mota ta yi nauyi da safe. Ka murɗa makulli ta yi ta gurnani kafin ta tashi. Ka taka totur ta shaƙe. Giya ta ƙi canzawa a kan lokaci, allurar mai kuma sai ƙasa take yi. Da hantsi ya dubi ludayi komai ya koma daidai, ka kai wa bakanike ya zaga da ita ya ce shi bai ga komai ba.

Sanyinmu bai kai ya kwantar da lafiyayyar mota ba. Asubar Janairu a Kano takan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos wani lokaci ƙasa da 10, alhali yawancin motocin da muke hawa, 'yan Kwatano da waɗanda aka shigo da su ta Legas, an ƙera su ne don ƙasashen da ruwa ke ƙanƙara a kan titi. Motar da ta yi shekaru tana tashi a sanyin Beljiyam ko Kanada, idan ta zo tana wahala a digiri 12, to ko dai wani abu ya daɗe da rauni a jikinta sanyi ya tona shi, ko kuwa wani ya cire mata abin da bai kamata a cire ba. Shi ya sa a nan za mu fara da abin da ba a biyan ko kwabo, kafin a kai ga sayen kaya.

Mataki na farko: tantance irin nauyin

Akwai nauyin da ba ciwo ba ne. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, don haka ƙwaƙwalwar mota takan ƙara yawan man da nozul ke fesawa, ta ɗaga silo, wato juyin da inji ke yi a minti ɗaya mota na tsaye, zuwa wajen 1,200 ko 1,500, sannan ya riƙa sauka a hankali zuwa 700 ko 800. Giya mai canza kanta ma da gangan take jinkiri. Toyota da yawa na da ba sa shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya kai kusan digiri 60. Duk wannan tsarin kamfani ne.

Gobe da safe ka yi wannan gwajin. Tayar da motar, ka bar AC a kashe, ka kama hanya a hankali, idonka na kan allurar zafi. Idan cikin minti biyar zuwa goma allurar ta kai wajen tsakiya ta tsaya cak, nauyin ya tafi, motarka lafiya take. Idan allurar ta ƙi tashi, ko ta tashi a cunkoso amma da ka hau babban titi ta koma ƙasa, wuce mataki na biyu kai tsaye. Idan kuwa inji ya yi zafi sosai amma har yanzu ba ta ja, sanyi ba shi da laifi. Ka nemi matsalar a wajen ƙura da mai da fulogi da birki.

Mataki na biyu: tamostat da fanka

A nan yawancin matsalar take, kuma da hannunmu muka jawo ta. Tamostat wani ɗan bawul ne da ke tsare ruwa kada ya zaga cikin lagireto sai inji ya ɗumama. A motocin Toyota da yawa yana fara buɗewa a digiri 82, kuma ana buga lambar a jikinsa. Injin zamani yana son ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. A nan baƙin mai ke gudu yadda ya kamata, ƙarafa su zauna daidai da juna, ƙwaƙwalwa ta rage fetur.

To amma mota na sauka a hannun mai ita, sai bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai wannan abin na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu." A cire tamostat a jefar, a kira mai waya ya haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta kama juyi. Da bazara ba za ka lura sosai ba, domin rana na rufa asiri. Da hunturu kuwa ruwan zai yi ta zagayawa cikin lagireto iska mai sanyi na dukansa, inji ya kasa ɗumama ko da ka tashi daga Zariya ka isa Kaduna. Ƙwaƙwalwa na ganin inji da sanyi, sai ta ci gaba da ɗura fetur. Fulogi ya yi baƙi, rarar man ta riƙa wanke bangon silinda tana gangarawa cikin baƙin mai, giya ta ƙi kai ƙarshe. Wannan nauyin da shan man da ake ɗora wa hunturu, sau da yawa daga nan yake. Kuma hujjar zafin ƙasa ba ta tsayuwa: motocin Saudiyya da Kuwait, inda zafi ke wuce digiri 45, da tamostat ɗinsu suke yawo.

Ga yadda za ka gane ba tare da an kwance komai ba. Da safe, inji na sanyi, AC a kashe, ka tayar ka buɗe bonet. In fanka mai aiki da lantarki ta kama juyi nan take, ko an haɗa ta kai tsaye ko kuma sensar zafin ruwa ta mutu ko an zare ta. Sannan ka nemi tiyon roba da ya haɗa lagireto da gidan tamostat. A Toyota da Honda galibi na ƙasa ne. Ka riƙa taɓa shi jifa-jifa, hannunka da hannun rigarka nesa da fanka da fanbel. Ya kamata ya zauna da sanyinsa na wasu mintuna, sannan ya ɗau zafi da sauri lokacin da bawul ɗin ya buɗe. In tun farko yana ɗumama sannu a hankali tare da injin, babu tamostat a ciki, ko yana nan amma ya maƙale a buɗe.

Wajen gyara, ka nemi tamostat mai lambar zafin da kamfanin motarka ya tsara. Kafin a ɗaura, ka sa a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe da aka tsamo shi. Wanda ke da ɗan ramin fitar iska a gefe, ramin sama yake kallo. A mayar da fanka kan tsarinta na asali, a zuba ruwan lagireto mai launi maimakon na rijiya ko na burtsatse da ke tara tsatsa da gishiri, a kuma fitar da iskar da ta maƙale a cikin tiyo.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi kafin duk wannan: me ya sa aka cire shi tun farko? Wani lokaci al'ada ce kawai. Wani lokaci kuma motar tana ɗaukar zafi ne aka ɓoye ciwon. In haka ne, mayar da tamostat zai dawo da zafin, sai bakanike ya ce ai ya gaya maka. Don haka a duba lagireto ko ya toshe, a duba murfinsa, da famfon ruwa, da ƙarfin fanka, da gasket ɗin kan inji. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya wuce zafin tafasa, kuma fuska yake nufa.

Mataki na uku: baƙin mai

Duk wanda ya ga yadda man shanu ke daskarewa a kwano da asubar hunturu ya san abin da ke faruwa da baƙin mai a ƙasan inji. Ba ya daskarewa gaba ɗaya, amma yana yin kauri, famfo ya sha wuya kafin ya tura shi saman inji. Lambar da ta zo kafin harafin W a jikin galan ita ke nuna yadda man ke gudu cikin sanyi. Ƙaramar lamba, saurin gudu.

A kasuwarmu 20W-50 ya zama gama-gari, ana ɗura shi a kowace mota. Ya dace da tsohuwar Peugeot 504 da ire-irenta. Amma Corolla ta 2003 zuwa 2008 5W-30 aka rubuta mata, Accord ta 2003 zuwa 2007 da aka yi don Amurka 5W-20, sababbi da yawa kuma 0W-20. Waɗannan injina suna da tsarin VVT-i ko VTEC mai daidaita buɗewar bawul ɗin inji, wanda ƙarfin baƙin mai ne ke sarrafa shi ta cikin ƙananan ramuka. Ka ba shi mai kauri da sanyin safiya, sai ya yi jinkirin amsawa, ka ji wata ƙara kamar ta sarƙa na 'yan daƙiƙu bayan tayarwa, motar kuma ta yi sanyin jiki.

Duba murfin da ake zuba mai. Sau da yawa lambar na rubuce a kai. In babu, littafin motar ko intanet zai ba ka. Injin da ya tsufa yana shan mai, kada ka tsallaka da shi daga 20W-50 zuwa 0W-20 a rana ɗaya. 10W-40 ko 5W-40 matsakaici ne da ba zai ba ka kunya ba. Ka sayi man a wurin da ka amince da shi, a buɗe galan a gabanka, domin jabu ya yi yawa. Ka kuma shinshina sandar auna mai. In kana jin warin fetur, man ya gurɓata, a juye shi ko da lokacinsa bai yi ba.

Mataki na huɗu: batir

Zafin bazara ne ke cinye batir, hunturu kuwa shi ke kawo labarin mutuwarsa. A digiri sifiri batir kan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, a daidai lokacin da inji ya fi wuyar juyawa. Namu sanyin bai kai nan ba, amma batirin da ya shekara biyu ko uku yana gasuwa a ƙarƙashin bonet, kaɗan ya ishe shi.

Mita ta auna wuta ba ta da tsada, kowane mai waya yana da ita. Bayan mota ta kwana, cikakken batir zai nuna volt 12.6. In ya nuna 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Inji na aiki, ka nemi 13.8 zuwa 14.5, ƙasa da haka, a duba altaneta da fanbel. Kawunan batir da suka yi farin gari, a kwance a wanke da ruwan zafi da burushi a ɗaure tamau, a duba wayar da ta tafi jikin mota.

Kada ka bari a zare kan batir inji na aiki da sunan gwada altaneta. A motar da ke da ƙwaƙwalwa wannan ganganci ne. In ta ƙi tashi kuma, kada ka danne makulli fiye da daƙiƙa goma. Ka saki, ka ba kik hutun minti ɗaya. Amma ka sani batir tayarwa ce aikinsa. In mota ta tashi tana nauyi a kan hanya, sabon batir da wuya ya warkar da ita.

Mataki na biyar: iska da ƙura

Hunturunmu ya bambanta da sanyin Turai da abu ɗaya, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara. Buɗe akwatin matatar iska, ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Za a iya kakkaɓe ta sau ɗaya ko biyu, a hura ta daga ɓangaren mai tsabta zuwa waje, amma iskar mai faci da ƙarfi tana yaga takardar, ƙura ta samu hanya zuwa cikin inji. Sabuwa ta fi. A duba kuma murfin akwatin ya zauna daram, domin da yawa maƙallansu sun karye an ɗaure da waya.

Bayan matatar akwai sensar da ke auna iskar da ke shiga. Siririyar waya ce mai zafi, in ƙura ta lulluɓe ta sai ta ba ƙwaƙwalwa lissafin ƙarya, motar ta riƙa shaƙewa idan ka taka. Akwai feshin da aka yi musamman dominta. Ba a wanke ta da fetur, ba a taɓa ta da yatsa ko tsumma, kuma sai ta bushe ake mayarwa. Bakin totur shi ma yakan tara baƙin datti ya hana silo zama. Bayan an wanke shi wasu motocin sukan ɗauki ɗan lokaci kafin silon ya daidaita.

Sai ɓarakar iska, wadda ita sanyi ne ke buɗe ta. Tsohuwar roba tana ƙanƙancewa da sanyi, iska ta saci hanya ta shiga inji ba a auna ta ba, mai ya yi kaɗan, mota ta yi ta kakkarwa. Da inji ya yi zafi robar ta kumbura ta toshe, ciwon ya ɓace. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta yi suna da wannan a gasket ɗin bututun shigar iska. Gasket ɗin ba shi da tsada, amma mutane da yawa sun sayi nozul da famfon mai a banza kafin a gano shi.

Mataki na shida: a sa mata na'ura, amma da safe

Duk motar da aka yi don Amurka daga 1996, ko ta fetur da aka yi don Turai daga 2001, tana da wurin saƙala na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Kuskuren da ake yi shi ne a tuƙa ta zuwa gareji da rana, bayan alamun sun gudu. Ka bar ta ta kwana a wurin, ko ka sayi ƙaramar na'urar da ke haɗuwa da waya.

Kafin a tayar, a karanta zafin ruwan inji da zafin iskar da ke shiga. Tunda motar ta kwana, ya kamata su yi kusa da juna. In ɗaya na cewa 14 ɗaya na cewa 60, ka kama mai ƙarya. Lambobin matsala da na'urar ta fi nunawa a wannan yanayi su ne P0128, inji ba ya kai zafinsa. P0171, iska ta rinjayi mai. P0101, sensar iska. P0300 zuwa P0304, wuta na tsallake a silinda. Lamba hanya take nunawa, ba ita ke cewa a sayi kaza ba, kuma goge ta ba gyara ba ne.

In wuta ce ke tsallake, a ciro fulogi a duba. Mai baƙin toka busasshe na nuna mai ya yi yawa, ka koma kan tamostat da sensa. Don gane kwayil mai rauni, a musanya shi da na silindar kusa a ga ko lambar ta bi shi. Fetur ɗin galan na bakin titi ma yakan zo da ruwa ko gauraye, kuma da sanyi ya fi nuna halinsa. Fitilar inji in tana ƙiftawa ba a tsaye take ba, kada ka ci gaba da tafiya da ita, ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa.

Mataki na bakwai: taya, birki, man giya

Iskar taya na raguwa da awon psi ɗaya zuwa biyu duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. Ka auna da safe, ka bi lambar da ke manne a ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35, ba 45 ɗin da mai faci ya saba bugawa ba. Bayan 'yar tafiya ka kara hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na riƙewa. Giya mai canza kanta in tana daɗewa kafin ta kama da safe, a duba yawan manta da irinsa. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, masu CVT, wato giyar da ba ta da matakai, nasu daban, kuma ba a gauraya su don duk ja ne.

Masu dizal, masu gas, masu kafireto

Injin dizal da zafin matsi yake kama wuta, shi ya sa yake da fulogin hita. Buɗe makulli ka jira fitilar mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka tayar. In ta tashi da kyar da farin hayaƙi tana girgiza, a gwada hitocin ɗaya bayan ɗaya, a kuma zubar da ruwan da ya taru a ƙasan matatar mai.

Waɗanda suka mayar da motocinsu gas na CNG bayan cire tallafin fetur a 2023, su sani ruwan inji ne ke ɗumama na'urar da ke rage ƙarfin gas ɗin. Shi ya sa motar ke tashi da fetur, sai ta ɗumama ta juya. Kada tankin fetur ya bushe, kada kuma ka tilasta mata juyawa da sanyi. Motar gas da aka cire wa tamostat ta fi kowa shan wahalar hunturu. Masu kafireto kuwa cok ne abokin tafiyarsu: ka ja ka tayar, ka mayar da shi da zarar inji ya zauna.

Ɗumama mota da safe

Al'adar a tayar da mota a bar ta minti ashirin ana shan shayi, ko a yi ta taka totur unguwa na amsawa, gadon zamanin kafireto ce. Motar nozul rabin minti zuwa minti ɗaya ya ishe ta, mai ya zaga. Daga nan ka tashi a hankali, kada allurar juyin inji ta wuce 2,500 har sai ta zafi ta fara hawa. Inji ya fi saurin ɗumama yana tafiya, man giya ma sai ana tafiya yake ɗumama sosai. Kada ka bar ta tana aiki a rufaffen gareji ko a tsakar gida kusa da tagar ɗakin da yara ke barci; iskar da ke kisa a cikin hayaƙin salansa ba ta da wari, irin ta janareta ce. In duk zirga-zirgarka ba ta wuce kai yara makaranta da dawowa ba, ka riƙa ba ta tafiyar rabin awa a buɗaɗɗen titi sau ɗaya a mako, ruwa da fetur da suka taru a cikin baƙin mai su ƙone.

Ga 'yan uwa mazauna ƙasashen ƙanƙara

Wanda ke Minnesota ko Manitoba ko Mosko, shi lafiyayyar mota ma sai ta yi masa nauyi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a digiri 7 ƙasa da sifiri, tafiyar da motar fetur ke yi da lita ɗaya a cikin gari kan ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari idan aka kwatanta da digiri 25, a gajerun tafiye-tafiye kuma har kashi 24. Duk matakan da ke sama suna aiki a can, da ƙari. A zuba 0W ko 5W kamar yadda kamfani ya ce. Ruwan lagireto ya zama rabi maganin daskarewa rabi ruwa, wanda ke jurewa har kusan digiri 37 ƙasa da sifiri; zallar ruwa in ya ƙanƙare yana iya tsaga inji. Motocin Kanada da yawa suna da wayar hitar inji a gaba, ka jona ta da lantarki awa biyu zuwa huɗu kafin fita idan sanyi ya wuce 15 ƙasa da sifiri. Mai dizal ya sha na lokacin sanyi, domin na bazara yana yin kakin da ke toshe matata. Tayoyin sanyi ana sa su ne da zarar yanayi ya zauna ƙasa da digiri 7. Ba a zuba ruwan zafi a gilashin da ya ƙanƙare, tsagewa yake yi. In dusar ƙanƙara ta binne motar da dare, ka fara tone bakin salansa kafin ka tayar, kuma kada kowa ya zauna a ciki sai an tone.